Ƙadangare Ya Fito, Zulaihatu Ba Ta Fito Ba

"Gida lafiya lau, angona, sai dai ka mayar da ni fatalwa," in ji Zulaihatu, ta dire hoton da za ta kai makarantar nas a cinyar kakanta.

Malam Dabo tun kafin a sauke tutar Turawa yake ɗaukar hoto a Sabon Garin Keffi, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da yake cusa kai ciki. Yanzu kuɗin mai ya cika gari da samari masu ƙananan kyamarori, shi kuwa sai dawo masa da hotuna ake yi. Tsoro yake ji ƙwarai kada sana'ar ta kuɓuce masa, amma ba jikarsa zai gaya wa ba.

"Fatalwa? Ai rufa miki asiri na yi. Wannan hancin in ya fito sosai, makarantar nas ɗin ma korar ki za su yi."

"Sannu gwani. Ƙadangaren da ke bangon bayana ya fito har ƙwayar idonsa. Shi za a ɗauka karatu a Jos?"

"Shi ya iya zama. Ke sai mutsu-mutsu kamar an zuba miki ƙaiƙayi."

"Liman da ka ɗauka jiya fa? Shi ma rawa ya yi?"

Dabo ya ɗora laifin a kan akwati. Ya ce gilashin ne ya goce, ya ce damina ta kumbura katakon, har takardun hoto na Legas ya zaga.

"To zauna a kujerar, tsoho, mu ga mai ciwon."

"Mace a cikin ƙyallena? Sai akwatin ya yi yaji."

"Da ya huta da warin taba."

Ya zauna yana gunaguni. Ta shiga ƙyallen, ta yi ta murɗa gilashin gaba da baya har fuskarsa ta tsaya tas, sannan ta ɗauka. Shi ya wanke hoton da hannunsa. Ya kawo hoton kusa da hanci, bai ga komai ba sai hazo. Ya miƙar da hannu iya tsawonsa, sai ga kowace furfura a zaune daram. Akwati dai lafiyarsa ƙalau, kuma Dabo ya gane idonsa ne.

"Wane ne wannan tsohon?" ya tambaya a hankali.

"Mijina ne. Haƙuri nake da shi."

Ya fashe da dariya har da share ido.

"Kin ci, ja'ira. In kin je Jos ki taho mini da tabarau. Amma duk wanda ya tambaya, ki ce na kakarki Huraira ne."