Kawu Jatau da Ramin Kara

Shekara bakwai na yi a kudu ina aiki a gonar shanun wani attajiri. Da na dawo garinmu tsakiyar rani, sai na sauka gidan kawuna Jatau. Daga shi sai matarsa Inna Kande, sai shanun huɗa biyu da 'yan awakinta. Kawu mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Na tarar shanun sun rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu, busasshen karan dawa kawai suke tauna. In suka faɗi kafin damina, bana ba noma a gidan. Na ce zan yi musu irin ta can: a daddatse kara, a yayyafa masa ruwan takin yuriya, a rufe a rami mako uku, ya yi laushi ya ƙara amfani a jikin dabba.

Wata rana na miƙa masa adda na ce, "Kawu, datse karan nan, kowane guntu tsawon yatsa." Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, na wuce tasha hira. Da la'asar na dawo na tarar da 'yan tsibi biyar a gabansa, duka ba su cika kwando ba.

"Kawu, tun safe ke nan?"

"Ai ba ka ce wane yatsa ba, ɗan nan. Shi ne na yi na kowanne."

Inna Kande ta leƙo daga madafa ta ce, "Gode wa Allah bai tuna da na ƙafa ba."

Wata rana, bayan mun cika ramin mun lulluɓe da leda, na ce, "Kada iska ta shiga, ko kaɗan." Kawu ya yaɓe shi da laka kamar rumbu, ya ɗauko kujera ya zauna gadi. Ya hana Inna Kande sheƙar gero a tsakar gida. Akuya ta yi atishawa, ya kore ta bayan gida. Liman ya shigo gaisuwa, Kawu ya tare shi tun daga zaure.

"Allah gafarta Malam, a tattare babbar rigar nan, tana kaɗa iska."

Haka Liman ya gaisa rungume da rigarsa kamar mai shirin tsallake rafi.

Wata rana, mako uku cif, muka buɗe. Karan ya yi ja ya yi laushi, sai dai wari mai sa hawaye. Mota tana jirana zuwa birni, na ce, "Ka shanya shi, kada ka ba su sai hancinka ya daina jin wari." Nufina wuni ɗaya. Kwana biyar na yi, na dawo na tarar da karan baje a kan soro, Kawu durƙushe yana shinshina guntu-guntu. Shanun kuwa harawar awakin Inna Kande ya yi ta ba su, ita kuma ta daina yi masa magana.

Ina tsaka da faɗa sai ga maƙwabcinmu Malam Ɗanliti, fuska a murtuke. Ashe ranar da muka buɗe ya roƙi kwando guda ya zuba wa ragonsa nan take. Cikin ragon ya kumbura kamar ganga, da ƙyar malamin dabbobi ya ceto shi.

"Kai, da me ka auna takin nan?" in ji shi.

Na shiga ɗaki na ɗauko kwanon. Sai a lokacin na lura: a kudu da ƙaramin mudu muke awo, wannan kuwa tiya ce, ta kusa ninki biyu. Ashe takin da na zuba ya yi yawa. Na dubi shanun, suna tsaye suna tuƙa abinsu lafiya lau.

Na ɗaga kai na ce a hankali, "Kawu, yanzu za a iya ba su?"

Ya ɗauki guntu ɗaya ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Da saura kaɗan."

"To," na ce, "mu jira."