Baƙin Akwatin Motar Hanifa

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na zauna a falon ɗana, jakata a kan cinya, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. To amma a hawa na huɗu muke, a wani gidan hayar hukuma a unguwar Whitechapel ta Landan, ko ta tsage kan maƙwabcinmu Basomale zan faɗo.

Ni ce mai sa ido a gidan nan, kowa ya shaida. Tun da Baban Hanifa ya ɗauko ni daga Kano (ɗan fari ne, ba na kama sunansa) babu abin da ke wuce ni. Ban yi boko ba, amma ina bambanta wanda ya yi alwala da wanda ya jiƙa fuska kawai. Jikoki in suka ji jan silifas ɗina sai kowa ya gyara zama.

Babbarsu Hanifa ce, shekararta sha takwas, tana karatun nas. Ta ci jarrabawar tuƙi, ubanta ya saya mata wata 'yar tsohuwar mota, don za a tura ta koyon aiki wani asibiti can bayan gari, inda bas ba ta zuwa da sassafe. Motar ba ta yi tsada ba. Abin da ya hana gidan sakat shi ne inshora. A ƙasar nan ba a hawa titi sai da ita, kuma in yaro sabon hannu ne, kamfanonin gani suke kamar gobe zai afka wa shagon wani. Abin da suka yanka na shekara guda ya fi kuɗin motar kanta. Na ce yau ga linzami ya fi doki tsada. Uban ya kwana biyu yana duba waya yana tsaki, uwar ta ƙara karɓar aikin Asabar da Lahadi. Rannan sai ya shigo da fara'a, wai an sami rangwame. Ya yi dogon bayani muna cin abinci, rabi Hausa rabi Turanci, ya juyo ya ce, "Hajiya, kin gane ko?" Na ce na gane mana. (Ban gane komai ba. Amma ina ni ina cewa a maimaita min a gaban surukata?)

Marigayi maigidana direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas. Shi ya koya min ba a fara hawa mota sai an yi mata tofi an kuma bincike ta lungu-lungu, don shi kansa an taɓa cusa masa laya a ƙarƙashin kujera, a makon kuma birki ya ƙwace masa a wata gangara. Ƙa'idarsa ita ce in ka sami abu kada ka taɓa shi da tsiraran hannu, kada ka gaya wa wanda aka yi dominsa don kar tsoro ya kama shi, ka dai fitar da shi nesa.

Wata safiya Hanifa ta tafi makaranta a jirgin ƙasa, iyayen sun fita aiki, sai na zari mukulli na sauka da kofin ruwan tofina. Na yayyafa wa tayoyi, na shafa wa sitiyari. Ina ɗaga kai na gan shi. Wani ɗan baƙin abu kamar sabulun wanka, an manna shi a kusurwar gilashin gaba. Babu waya a jikinsa, sai wata 'yar wuta da ke ƙiftawa a hankali, kamar ido. Nan take na tuna wata mata da 'yarta ta yi ta faɗuwa jarrabawar tuƙi, da yadda ta taya mu murna bakinta a tsuke. Na ce oho, ashe sammun Landan har batir gare shi.

Na koma sama na ɗauko cokali, na ɓamɓare shi ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na sa shi a leda, na ƙulle a tsohon ɗankwali, na jefa a jaka.

Mutum ɗaya na sani da ke gane irin waɗannan abubuwa, ƙawata Hajiya Mero, 'yar zangon Kumasi, tana zaune a Romford. Jirgi ɗaya kuma na iya hawa ni kaɗai a garin nan, Elizabeth line, don ba a canji. Tafiyar nan ban zauna daidai ba. Duk ɗan sandan da na hanga sai in ga jakata yake kallo. Da jirgin ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya saki gudu, na rungume jakar, ina tsoron kar abin ya fashe, ban san tsoron da ya kamata in ji daban yake ba.

Hajiya Mero ta juya shi da tsinken tsire, ta girgiza kai ta ce, "Hajiya, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ka riƙe shi kana masa karatu, ranar Juma'a ka jefa shi a kogi." (Ita kowa "ka" ne a wajenta.) Ta turara shi, ta dama min fura, na kamo hanya ina jin kaina kamar wadda ta ceto jariri daga rijiya.

Ina shiga gida bayan la'asar na tarar da shi kamar gidan makoki. Hanifa a tsaye tana kuka, ubanta riƙe da waya. Surukata ce ta fayyace min da Hausa tsantsa. Kamfanin inshora ya aiko saƙo, wai yau motar ta yi gudun da ya wuce hankali, in ba a kawo bayani ba za su soke inshorar. In kuwa suka yi, abin zai bi yarinyar kamar tabo, duk kamfanin da ta je sai ya tambaya, kuɗin kuma ba za su taɓu ba. Babu inshora babu mota, babu mota babu zuwa asibitin nan. Hanifa ta rantse tana aji a Bloomsbury tun safe. Uban ya ce to wa ta ba motar?

A nan ne, jama'a, na buɗe bakina. Na gyara mayafi na ce ni dama na faɗa, yarinya ƙarama da mukullin mota ba alheri ba ne. Na nuna ta da yatsa na ce, "Ki faɗi gaskiya tun da wuri. Wane yaron kika ba?" Ta kalle ni, hawaye na zuba.

Sannan na tambaya, wai su kamfanin aljanu gare su da suka san gudun mota suna ofis? Baban Hanifa ya ce, "Hajiya, ai akwatin nan ne da na yi miki bayani rannan. Ɗan baƙi, manne a gilashi. Shi ke gaya musu gudunta da birkinta da inda ta je. Saboda shi suka rage mana kuɗin."

Jakar da ke cinyata ta yi nauyi kamar turmi. Na san ya kamata in yi magana. A maimakon haka sai na shiga lissafi: in ce zan kewaya, in sulale ƙasa in mayar? Da me zan manna? In wurga shi ta taga? Na dai ja carbi.

Surukata ta karɓi wayar tana duba taswirar tafiyar motar da kamfanin ya aiko. Ta ce a tsaya, wannan ba titi ba ne. Zanen hanyar ya ɓace daga unguwarmu, ya ɓullo a Stratford, ya miƙe sambal kamar zare har Romford. Wace mota ce ke bin hanyar jirgi? Ta karanto sunan layin da aka tsaya. Ban iya karatu ba, amma na san sunan nan kamar sunan ubana. Ta ce kamar layin su Hajiya Mero. Ta ƙara matsa fuskar wayar, ta ce yanzu kuma wai motar tana cikin ginin nan.

Duk suka juyo suka kalle ni. Hanifa ta share ido, ta ce da 'yar Hausarta, "Hajiya, me ke cikin jakarki?"

Na ce goro ne da man zafi. Ba wanda ya ɗauke ido. Haka na zuge jakar, na kwance ɗankwali, na warware leda, ƙamshin turaren Hajiya Mero ya cika falo. Na ajiye shi a kan tebur. Ya ƙifta min ido.

Baban Hanifa ya miƙe ya shige kicin, na ji ya buɗe famfo, ya yi ta wani abu mai kama da tari. Surukata ta cije leɓe ta juya ta fuskanci bango. Hanifa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin ce na ba wani yaro." Wannan ta fi min ciwo. Abin da ban taɓa yi wa yaro ba na yi ranar, na kama hannunta na ce ta yafe min.

Washegari aka kira kamfanin, matar da ta ɗauka ta ce tana so ta ji daga bakina. Ina faɗa Hanifa na fassarawa, har aka zo kan me na zaci abin. Yarinya ta yi ta laluben yadda ake cewa sammu da Turanci. Matar ta ce mu ɗan jira, ta sa mana kiɗa, ta dawo tana danne dariya. Suka nemi shaidar Hanifa na makaranta, da ta katin jirgina. Muka yi kwanaki muna jiran hukunci. Daga ƙarshe suka bar inshorar, da gargaɗi, suka aiko abin mannawa sabo.

Yanzu Hanifa ke kai ni kasuwa, tana tafiya kamar hawainiya, na baya suna ta hon, ni kuwa bakina alaikum. Da na shiga sai ta ce, "Hajiya, hannu a cinya." Na koyi in aka ce kin gane, in ce a'a, ko a gaban wa. Shekara da shekaru ina sa wa mutane ido ba a taɓa kama ni ba, aka kawo mai sa ido da bai wuce sabulu ba, ɓarauniyar farko da ya kama ni ce. Hajiya Mero har yau tana tambaya ko na jefa abin a kogi. Ce mata nake mun sasanta.