Sawun Tabawa a Lakar Majalisa

A wani daji da ake kira Dajin Marke, inda kusan kowa mai kofato ne, an yi wata tsohuwar dabgi, dabbar nan mai haƙa rami da farce, mai suna Tabawa. Ba nan aka haife ta ba. Daga Dajin Kanya ta zo, bayan dazuzzuka bakwai sun ƙulla yarjejeniya cewa dabbar kowane ɗayansu na iya zama da aiki a sauran, kuma abin da ɗan gida ya samu shi za ta samu. Ita ta haƙa musu rijiya da farcenta, ita ke yashe ta duk bazara, shekara goma sha tara.

To, doka ce a Marke, wanda ya yi wa daji aiki shekara goma sha biyar, in ya tsufa a ba shi makwanci a inuwar rijiya, ya sha ruwa ba tare da bin layi ba. Shaidar zama kuwa sawu ne. Duk ruwan farko kowa zai zo gaban majalisa ya taka ɗanyar laka, in ta bushe a ajiye a kogo. Tabawa ba ta taɓa fashi ba.

Da farcenta ya cinye, baya ya riƙe, sai ta je neman makwancinta. Gwanki magatakarda ya shiga kogo, ya fito yana kaɗe ƙura, ya ce babu sawunta ko ɗaya. Ta ce ya koma ya duba da idon da yake ganin ciyawa. Ya koma, ya fito da maganar ɗazu. Nan ta zauna a ƙofar kogon kwana uku, sai da aka tara majalisa.

A gaban Raƙumin Dawa, shugaban majalisa, Gwanki ya tuna wani abu. Ya ce lallai duk shekara yakan tarar da wani yagi a gefen lakar, layi uku ko huɗu, ya ɗauka zabi ne suka yi tono, sai ya shafe don aiki ya fita tsaf. Shi dai tun da aka ba shi aikin, sawu kofato ne.

Tabawa ta miƙe da ƙyar. "Ranka ya daɗe, ni ban iya zancen majalisa ba. Ranar da kuka kira mu, ba ku ce mu zo da kofato ba. Da wannan yagin na huda dutse har kuka sha ruwa. Kai Gwanki, ranar da ɗanka ya faɗa rijiya, zabi ne suka fito da shi? Sawuna yana jikin rijiyar nan, tun daga baki har ƙasa. Ku je ku gani."

Raƙumin Dawa ya ce Inna ta yi haƙuri, haƙƙinta yana nan daram, yarjejeniya ba ta bambanta kowa ba. Majalisa ta ma yarda yagin cikin rijiya shaida ne, sai dai wani ya sauka ya gani da ido. Aka dubi juna. Mai kofato ba ya sauka rijiya. Duk dajin Tabawa kaɗai ke iya sauka, doka kuwa ta hana mai ƙara ya shaidi kansa. Sai aka ɗage zaman, aka shawarce ta ta nemi makwanci a Kanya, inda aka haife ta.

Ta je. 'Yan Kanya suka ce ai ƙarfinta a Marke ta ƙarar, can za ta nema. Ta dawo ta bi layi a bayan 'yan maruƙan da aka haifa bara. Da bazara ta yi, Gwanki ya zo yana Inna-Inna, wai rairayi ya fara cin rijiya. Ta miƙa masa hannuwanta.

"Da me? Ka nemo zabi."

Rijiya ta cike da rairayi kafin ruwa ya sauka. Majalisa ta aika Kanya neman matasan dabgi, ɗan aike ya karanta musu yarjejeniya daga farko har ƙarshe, biyar suka biyo shi. Ranar ruwan farko suka taka laka, Tabawa tana kallo daga ƙarshen layi.

Shi kuwa Gwanki, har gobe ba a taɓa samunsa da aiki mara tsafta ba.