Takin Da Na Zuba a Gonar Malam Tanimu

Ba zan taɓa mantawa da daminar da nake neman auren Rukayya ba, domin a shekarar ne na so in nuna wa mahaifinta ni ma namiji ne, Allah kuma ya nuna mini iyakata.

Ni tela ne a Funtua. Rukayya kuwa 'yar Alhaji Sale ce, babban manomin masara a wani ƙauye kusa da Bakori. An kai gaisuwa, amma Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya dawo kunnena shi ne wai ya ce yaron yana da ladabi, sai dai hannunsa ya yi laushi. Maganar nan ta ƙona mini rai ƙwarai.

Muna hira da Rukayya a waya wata rana, sai ta ce Baba yana ta ƙorafi, wai masararsa bana ba ta yi ba, ta rame, tana son taki. Na ce a raina, to ga ƙofa ta buɗe. Zan sayi takin yuriya, in tara abokai mu yi masa gayya ba da saninsa ba, sai dai kawai ya zo ya tarar. Na tambaye ta inda gonar take cikin dabara, ta ce bayan makarantar firamare, wajen wata babbar ɗorawa.

Aka yi ruwa ranar Juma'a, ƙasa ta jiƙu. Da safen Asabar muka loda taki a keke-napep ɗin abokina Nafi'u, mu da wasu yaran shagonmu manya, muka kama hanya. (Har sabon takalmin roba na saya, don kada a ce ban yi kama da manomi ba.)

Ga makaranta, ga ɗorawa. Matsalar ita ce ɗorawar a kan iyaka take, tsakanin gonaki biyu. Ta dama masararta baƙa-ƙirin, ta kai ƙugu, ganyenta sai sheƙi yake. Ta hagu kuwa ta yi rawaya, ta tsaya iya gwiwa kamar marar lafiya. Nafi'u ya ce mu nemi wani mu tambaya. Na yi masa dariya, na ce ai ko makaho ya san wadda ke son taki. Abin da na manta, duk da ni ma jikan manoma ne, shi ne manomin wajenmu ba ya yabon gonarsa. Ko masararsa ta fi gini tsawo, ka tambaye shi sai ya ce, “Kai, bana sai a hankali.” Tsoron baki yake yi.

Muka shiga ta hagu. Gaskiya mun yi aiki, wannan kam ba zan ƙasƙantar da kaina ba. Ba watsawa muka yi ba. Kowace shuka sai mun tona ɗan rami nesa kaɗan da gindinta, mu zuba cikin marfin kwalba, mu rufe. Muka cire ciyawa, muka yi ban ƙasa. Tafin hannuna ya tashi, bayana ya ƙage, amma da na tuna Rukayya sai in ƙara sunkuyawa. Keken kuma, da yake rana ta buɗe, na sa Nafi'u ya tura shi inuwa ta gefen gonar dama, ya danne masarar kunya guda. Na ce ba komai, mai wannan gonar ai ya ƙoshi.

Wajen la'asar muna ƙarasawa, sai ga Alhaji Sale a kan babur. Murna ta kama ni. Na ruga na durƙusa, da laka har gwiwar hannu, na tabbatar ya ga tafina.

Ya amsa gaisuwa, ya dubi gonar, ya dubi buhunan da muka zazzage, sannan ya ce, “Sannunku da aiki. Tanimu ne ya ɗauko ku?”

Na ce, “Wane Tanimu, Baba? Ai ɗan abin da ya sawwaƙa ne muka yi maka. Kada waccan baƙar ta tsorata ka, in sha Allahu taka sai ta wuce ta.”

Ya juya ya dubi keken da ke zaune a kan masara. Ya ce, “Waccan baƙar ita ce tawa.”

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na waiga in nemi Nafi'u, ashe ya shige cikin masara yana dariya ba sauti. Daga baya Rukayya ta gaya mini sauran labarin: Malam Tanimu, mai gonar hagun, abokin wasan Alhaji ne tun suna yara, kowace kaka sai sun yi gasar wanda masararsa ta fi, kuma Alhaji ne ke cinye shi kullum. A shekarar Tanimu bai samu taki na biyu ba, har ya sallama. Sai ga ni.

Masarar Tanimu ta murmure, ta yi goyo bibbiyu, ƙauyen kaf ana zuwa kallo. Ni kuwa na daina bin hanyar Bakori, na fara lallashin zuciyata ta haƙura da Rukayya. Sai bayan girbi kawuna ya dawo daga wurin Alhaji da amsa. Wai ya ce, “Yaron ba shi da kai, amma na ga aikin, ramin nan ɗaya bai tsallake ba. A ba shi. Kai ana iya ara masa.”

Ranar ɗaurin aure, ana gama fatiha, Malam Tanimu ya miƙe a gaban jama'a, ya sa aka dire buhun masara a gabana. Ya ce, “Alhaji ya ba da 'ya, amma surukin nawa ne!” Ƙofar gidan ta ɗauki dariya, ni kuma na dinga jan hula tana rufe mini ido.

Abin da na koya shi ne, in manomi ya ce gonarsa ba ta yi ba, ka nemi wadda ta fi kyau a wurin, ita ce tasa. Har yau kuma, duk damina in na je taya Alhaji aiki, sai ya riƙe hannuna kamar ɗan yaye ya kai ni gindin ɗorawa, ya nuna da sanda ya ce, “Dama, malam tela. Dama.”