Ranar da Na Koya wa Mai Takaba Kuka

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na je Unguwar Kanawa fitowa a fim. Ni ce fa na ishi 'yan ofishinmu da sharhi. Ba na kallon fim sai wanda ba a taɓa jin sunansa ba (in mutum uku suka san shi, a wurina ya lalace). Kukan 'yan fim ɗin kasuwa kuwa, cewa nake aikin albasa ne kawai.

Sai ga Sadik, ƙanin ƙawata, zai haɗa ɗan ƙaramin fim da mutanen unguwa zalla. Ya ba ni fitowa ɗaya tak a zaman makokin wani Alhaji Tanimu na cikin labarin, ya ce in na burge shi ni ce uwar jaruma a na gaba. "Anti, gida mai koren get bayan masallaci. Ki shigo da kukanki kawai, ɓoye kyamara muke yi."

Na sauka daga keke napep, ga koren get, ga maza jugum a kan tabarmi. Na ce lallai yaron nan ya iya aiki. Ina shiga na zube tsakiyar mata ina birgima: "Wayyo Alhaji Tanimu, ka tafi ka bar mu!"

Ba wadda ta taya ni. Matar da aka kewaye tana jan carbi, idonta a bushe ƙamas. Haushi ya kama ni (wai wannan ce za ta riƙe fim?), na matsa na raɗa mata: "Hajiya, ki ɗan saki jiki mana. Tuno wani naki da ya rasu. A haka ba wanda zai yarda mijinki ne ya mutu."

Ta ɗago ta dube ni. "Jiya aka kai shi, baiwar Allah. Malam Isa sunansa. Mun gode, Allah ya ba da lada."

Wata tsohuwa ta miƙo min ruwa tana cewa a ƙyale ni, ƙila lalura ce. Daidai nan Sadik ya kira yana tambaya ko ɓata na yi, su suna layi na gaba.

Da takalmi a hannu na fito. Kunya ta hana ni ƙarasawa wurinsu, matsayin uwar jaruma kuma ya tafi ga wata. A cikin keke na sha kuka na gaske har unguwarmu Mando, ba kyamara ko ɗaya (asarar basira).

Yanzu in na je ta'aziyya, "ya haƙuri" nake cewa in ja bakina in yi shiru. Ashe wanda abin ya ci da gaske ba ya da lokacin burge 'yan kallo.