Ranar da Na Yi Juyin Mulki a Biron Kawu

Ba zan taɓa mantawa da litinin ɗin da na girgiza garin Gaya na bakin iyaka da bakina kaɗai ba. Lokacin watanni kaɗan ne da sojoji suka karɓi mulki, kowa kunnensa na kan rediyo.

Na dawo daga karatu a Yamai, kaina ya kumbura. Kawuna Alhaji Mamane yana da kamyo uku, manyan motoci masu ɗauko kaya daga Kwatano, ya sayi ordinatar, wato kwamfuta, don biro, ofishinsa ke nan. Na goge abin da ta zo da shi, na sa irin manhajar Linux ɗin da ba a ba ka shi a dafe, sai ka ɗauko ɗanye ka haɗa komai da hannunka. Kwana uku tana nishi. (Madam Zalika, sakatariyar Kawu, ta tambaye ni ko haihuwa za ta yi.)

Da ta gama, na buga adireshin rezo, wato hanyar sadarwa, da hannu, intanet ta kama. Saura in rubuta mata layin umarni ɗaya tak, wanda zai sa ta riƙa tayar da rezo da kanta duk lokacin da aka kunna ta. Na ce sai anjima, na tafi cin soyayyen kifi. Shi ke nan na manta.

Ran litinin da hantsi kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ya dawo. Ordinatar ta tashi lafiya lau, amma rezo ko ƙyas. Ga Kawu tsaye a kaina yana jiran in sauko masa ta intanet da takardun kamyo biyu cike da abarba da ke Malanbil, a hayin gadar iyaka. Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara murya.

"Kawu, ba daga wajenmu ba ne. Daga Yamai aka yanke."

Kawu ya yi salati, don a ganinsa sai sojoji sun motsa ake yanke sadarwa. Nan take ya buga wa direbobi waya kada su kuskura su hau gada. Wani mai goro da ya shigo gaisuwa ya fita ko sallama babu, kafin azahar labari ya kai tasha cewa an sake juyin mulki. Wasu har sun fara jan ƙofofin shaguna. Aka kunna rediyo, sai ga shirin noman shinkafa. Ni kuwa na ce ai haka suke farawa. (Allah ya yafe mini.)

Madam Zalika ta miƙe. Ta yafa gyale ta fita, ta dawo da takardun a hannu, ta bugo su a shagon intanet na maƙwabta. Ta ajiye gaban Kawu, ta dube ni.

"Injiniya, su sojojin, biron nan kaɗai suka kama?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na buga layin nan da na manta a gaban kowa, ko minti ɗaya bai ci ba. Amma kamyo sun riga sun rasa layinsu a duwan, wajen 'yan kwastan, abarba ta ƙara kwana biyu a rana, rabi ta yi ruwa. Kawu bai zage ni ba. Ya sa aka sauke mini buhu guda na ruɓaɓɓiyar a ƙofar ɗaki.

Tun daga ranar, duk na'urar da na gyara sai na kashe ta na kunna da kaina kafin in buɗe baki. Amma sunan ya riga ya zauna. Har yau in na bi ta tasha, direbobi miƙewa suke su sara mini: "Ranka ya daɗe, Kanar."