Ƙwaron da Na Raɗa wa Sunana

Ƙamshin lalle da warin laka nake fara tunawa. Ana gobe bikin yayata a Kanan-Bakashe, na sulale bakin tabki da ɗanyen lalle a yatsuna, na cafke wani ɗan ƙwaro mai tsalle. Baƙi ne, da jajayen ɗigo a baya kamar faɗuwar rana. Duk karatun ƙwarin da na yi a jami'a ban taɓa ganin irinsa ba. Nan take na raɗa masa sunana, na tura wa malamina hoto, har ina hango kaina a littattafai. Ya ce in samo wasu.

Na tattaro matan gidanmu, har da Inna, muka shiga laka. Duk wanda aka kamo baƙi ne wuluk.

Kaka ta kama hannuna, ta juya shi. "Ke 'yar lakwal, duk bokon nan, har ƙwaro kike yi wa ƙunshi?"

Har yau in biki ya taso sai a ce, "A kira mai yi wa ƙwari lalle." Sai bara Kaka ta faɗa mini tun a gida da ta ga ƙwaron ta gane lalle ne. So kawai take ta ga Inna cikin laka har gwiwa.